Orval Petrasek, Alƙalin da Ya Ƙi Jefa Ƙyalle

An haifi Orval Petrasek a shekarar 1938 a garin Weldon Fork na jihar Kansas. Mahaifinsa Emil ma'aikacin ɗab'i ne, mahaifiyarsa Lorene tela ce, kuma dukansu kurame ne, saboda haka da hannu Orval ya fara magana kafin baki.

Karatu da Aiki

Ya kammala sakandare a 1956, ya kama aiki a gidan waya. A 1963 ya zama alƙalin ƙwallon Amurka na makarantu, inda aka ɗora masa lura da 'yan wasa kafin a fizgi ƙwallo daga ƙasa a fara wasa. Ƙa'ida ita ce duk wanda ya durƙusa a sahun gaba ya tsaya cik. In ya motsa, alƙali ya jefa rawayan ƙyalle, a mayar da ƙungiyarsa baya yadi biyar.

Aure da Zuri'a

Ya auri Darlene Voss a 1961, suka haifi Curtis da Joyce. Bayan rasuwar iyayensa maganar hannu ta mutu a gidan, domin yaran kunyarta suke ji.

Wasan 1974

A kakar 1974 makarantar kurame ta jihar ta zo karawa da Weldon Fork. Ana dab da tashi, wani yaron kurame mai suna Wendell Ames ya kaɗa yatsu yana durƙushe, aka fizgi ƙwallo, kurame suka ci wasan. Orval bai jefa ƙyalle ba. Shugaban alƙalai, Buck Hendry, ya taso masa.

"Kai Orval, makancewa ka yi? Ga yaro yana ta wasa da hannu."

"Magana yake, Buck. Cewa ya yi da ɗan'uwansa ya kula da na hagu. Namu yaran ma bakinsu bai huta ba, ka jefa musu?"

Ƙungiyar alƙalai ta zauna, ta yanke cewa motsi motsi ne. Aka nemi ya amsa kuskure ya ƙi, aka cire shi daga manyan wasanni. Mutanen garinmu na Weldon Fork, waɗanda ba sa manta cin da aka yi musu ko da sun manta ranar aurensu, suka daina gaishe shi a coci. Daga nan har ya ajiye usur a 1998, wasannin kurame kaɗai yake alƙalanci, yana tuƙa motarsa shi kaɗai, yana cin burodinsa a cikinta.

Ƙarshen Rayuwa

Darlene ta rasu a 2003. A 2009 shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke masa magana, aka kai shi gidan kula da tsofaffi. Kullum hannunsa na hagu yana motsi bisa bargo, ma'aikata suka ɗauka karkarwa ce, suka ƙara masa magani. Abin akwai ciwo.

A watan Maris na 2011 Wendell Ames, wanda shi ma ya yi furfura, ya kawo ziyara. Ya dubi hannun, ya rubuta wa mai jinya: "Ba karkarwa ba ce. Cewa yake a kira masa Joyce."

Rasuwa

Orval ya rasu ranar 19 ga Maris, 2011, kwana guda kafin isowar Joyce, aka binne shi kusa da iyayensa. Ya bar 'ya'ya biyu, Curtis a Denver da Joyce a Tulsa, da jikoki huɗu. Babu wanda ya iya maganar hannu a cikinsu.