Garwashi a Kwandon Gwaza

A kasuwar Fugalei akwai wata tsohuwa mai sayar da gwaza. Farar rigarta har idon sawu, ga tulin furfura a nannaɗe da ba ta taɓa ganin almakashi ba. Shigar 'yan wani ƙaramin coci ce masu baftisma a teku, masu addu'a cikin harsunan da ba wanda ke ganewa. Bayan hannunta na dama duk tabon ƙuna ne. Ina kyautata zaton tana cikin waɗanda dattawan ƙauyensu suka kora, suka cinna wa rumfar ibadarsu wuta.

Ga wani tsohon basarake nan tafe, yana dogara sanda. Yana taya gwaza, ko kallonta bai yi ba.

"Ranka ya daɗe, ba ka gane ni ba? Sieni ce, matar faston da kuka ɗaure a bishiya."

Sai ya shiga laluben kuɗi.

"Bar kuɗinka," in ji ta. Tana zaɓo manya-manyan gwaza tana cika masa kwando da hannun nan mai tabo, a hankali, don ya gani da kyau.

Maƙwabciyarta ta riƙe baki. "Haba Sieni! Wannan za ki ba kyauta?"

"Yo ba an koya mana a coci ba? Ciyar da maƙiyi, garwashi ne kake tula masa a ka. Shekara ashirin da shida nake jiran ya ji yunwa."

Tsohon ya ciccibi kwandon, kansa a ƙasa.

"Ranka ya daɗe, ka dawo gobe! Akwai saura."