Na'urar da Ban Samu Mai Hura Mata Ba

Wautata ba ta yarinta ba ce, da furfurata na yi ta. Ni da ban taɓa sanin ɗanɗanon giya ba, ni ne na sayi kwali guda na na'urar gwada mashaya, na jibge a shagona na Kinkinau, inda nake sayar da madubin mota da kafet da turaren rataye.

Wani dillali ya kawo. Abu ne kamar ƙaramar waya, da ɗan bututu a kai. Ka hura, in ka sha barasa lamba ta fito, ta yi ƙara. In ba ka sha ba, sifiri. Na ce ai wannan aikin Allah ne, tona asirin mashaya. Takardar da ke ciki ban karanta ba, don karatuna a aji uku ya tsaya, shi ma da kyar aka turo ni.

Wanda ya fara tayawa wani dattijo ne Kirista, mutumin kudancin Kaduna, mai motocin haya guda shida. Yana so ya riƙa gwada direbobinsa kafin su ɗauki fasinja.

Ya ce, "Alhaji, ka gwada kuwa tana aiki?"

Na hura a gabansa da ƙarfina. Sifiri. Na ɗaga masa ina taƙama.

Ya yi dariya har da riƙe ƙofar shago. "To kai sha kake yi? Ko lalatacciya ce ai sifiri za ta ba ka. Ni da wannan abin zan sallami mutum ko in damƙa masa ran mutum goma sha takwas. Ka tabbatar min, in dawo."

Nan kaina ya fara ɗaurewa. Na tafi wurin limamin masallacinmu bayan azahar, na ajiye na'urar a kan buzunsa. Ya juya ta, ya shinshina, ya ce, "Babu giya a cikinta?"

"Batir ne kawai, Malam."

Ya ce to ba najasa ba ce, sayar da ita halal ne, tunda hana ɓarna ake nufi. Sai dai in na san mai saye yana so ne ya riƙa auna iyakar abin da zai sha ba a kama shi ba, wannan kada in sayar masa. Ya ƙara da cewa kada in kuskura in ce wa mutum tana aiki alhali ban sani ba, wannan ha'inci ne.

Na ce, "Malam, ai matsalar ke nan. Ba a sanin tana aiki sai da bakin da ya sha. In sa wani ya kurɓa kaɗan?"

"A'uzu billahi! Ka sa shi?"

"To in sayo kwalba ɗaya in ɗiga a auduga?"

"Sayen fa? Da hannunka?"

"To in jira wanda ya sha don kansa?"

Ya ce wannan da sauƙi, muddin ban ƙarfafa masa ba. Na ce amma in ina jiransa, ashe ba fata nake ya sha ba? Malam ya dube ni ta saman tabarau, ya ce shi a littattafan da ya karanta bai ci karo da mai irin tambayata ba, in je in yi alwala.

Kwana uku ina kallon bakin mutane. Duk wanda ya shigo sayen madubi sai in matso ina shinshina. Na ba mai shayi ya hura, na ba mai facin taya. Matata ma ta hura, ta ce in na sake miƙo mata abin nan za ta kira yayyena. Kowa sifiri. Unguwa ta mutanen kirki, ni kuwa ina jin haushi, ina kuma jin haushin jin haushina.

Sai na tuna wani direban tifa, Bakatsine, da ke ajiye mota a wani gareji a Rigasa. Shekaru ina masa faɗa a kan kwalba, har na taɓa ƙin amsa gaisuwarsa. Na hau acaba da rana tsaka, na'ura a aljihun gaba, ina tafe ina rasa addu'ar da zan yi. In roƙi Allah in same shi a buge? In roƙa in same shi garau, me na zo yi?

Na tarar da shi a ƙarƙashin bishiya yana cin rogo da ƙuli. Ya miƙe da sauri.

"Baba, mi ya kawo ka cikin ranar nan?"

Na yi ta kewaye-kewaye, na tambayi iyali, na tambayi tifa. Daga baya na zaro abin na ce ya hura. Ya tambayi aikinta, na gaya masa. Bai ji haushi ba, sai ma fuskarsa ta washe. Ya goge baki da hannun riga, ya hura har kumatunsa suka cika.

Sifiri.

"Ka gani, Baba? Sati bakwai ke nan ban taɓa kwalba ba. Maganarka ce ta shige ni. Ina ta son in zo in shaida maka, kunya ta hana."

Na ce masha Allah. Na tabbata na ce. Amma na sake duba gilashin na'urar, har na ɗan bubbuga shi a tafin hannu.

Kwalin yana nan ƙarƙashin teburina har yau, ban sayar da ko ɗaya ba. Mai motocin ya dawo sau biyu, na ce masa ban tabbatar ba, ya samo tasa a wani wuri. Ban sani ba ko tsoron Allah ne ya hana ni ko rashin mashayi.

Direban ya rako ni bakin titi ranar nan, ya tsayar min da acaba. Ina ƙoƙarin ɗaga ƙafa in hau, ya riƙe min hannu ya ce, "Baba, sai na ga kamar ba ka ji daɗi ba."