Amshin Da Ban Roƙa Ba

Ina ajin ƙarshe a makarantar 'yan mata lokacin da na fara jin muryar matar nan. Malaminmu na waƙa, wanda shi ne kuma mai horar da mawaƙan cocinmu a Kafanchan, ya kira ni gidansa wata Asabar da hantsi. Matarsa tana tankaɗe a tsakar gida. Ya nuna mini benci ya ce in zauna in kama bakina. Kama baki kuwa ba halina ba ne, shi ma ya sani, shi ya sa ya faɗa da kakkausar murya.

Ya ɗora faifai a garmaho. Wani abokinsa ma'aikacin reluwe ne ya kawo masa shi daga Ikko. Muryar mace ce, amma ba irin wadda na saba ji ba. Ta taso daga ƙasa-ƙasa, tana hawa ba gaggawa, masu kiɗa suna biye da ita, sai kawai ta tsaya cak. Kiɗan ma ya ɗauke. Na ɗauka batir ne ya mutu, har na buɗe baki, Malam ya ɗaga mini hannu. Can sai ga muryar ta dawo daga sama, siririya, a hankali, ta riƙe ta har na ji kamar ni ce numfashina zai ƙare. Matar Malam ta ajiye rariya tana kallon ƙofar ɗakin.

Da ya miƙo mini kwalin faifan na ga hoton, sai na ce ƙarya ne. Baƙar mace ce, ta ma fi gwaggona baƙi, ga faɗin hanci irin namu. Ni a zatona irin wannan waƙa sai Turawa.

Malam ya ce 'yar Amurka ce, jikar bayin da aka kwasa daga nan ƙasashenmu. Waƙar da take yi sunanta opera, wato wasan kwaikwayo da ake yin sa tun daga farko har ƙarshe da waƙa. Ya ce a wani ɗan coci mai rufin kwano ta fara, kamar namu. Ya ce akwai garuruwan da ta cika babban zaure da mutane, amma da ta fito aka hana ta ɗakin kwana a otal saboda launin fatarta. Duk da haka ba ta fasa ba, har ta kai sarakunan Turai suna zama a gabanta tsit sai ta gama. Ban san nawa ne gaskiya nawa ne gishiri ba, don Malam ba ya ba da labari lami. Ni dai na haɗiye shi duka.

Ya ce, "Muryarki irin tata ce, soprano, mai hawa sama. Abin da ba ki da shi haƙuri ne da numfashi. Numfashi zan iya koya miki."

Haka muka fara. Ya hana ni waƙa da maƙogwaro, wai daga ciki ake ɗauko ta. Ya hana ni yaji, ya hana ni ƙwala wa ƙannena kira daga bakin rijiya. A unguwa kuwa na zama abin dariya. In na fara gwaji a bayan gida, sai yayana ya leƙo ya tambaya wa ya taka wutsiyar kyanwa. Dole na koma yin gwajina kusa da tashar jirgin ƙasa, inda ƙarar injin ke rufa mini asiri.

Babana leburan reluwe ne, ba ruwansa da maganar waƙa. Mama ce matsalata, ita da ta fi kowa sanin waƙa a gidan. Ita ce mai ba da waƙa a zumuntar matan coci. In ta ɗaga murya, mata suka amsa, aka buga tulu, ko gurgu sai ya motsa kafaɗa. A gonar citta ma haka take, ta bayar, masu taya ta aiki su karɓa. Wata rana ta tsaya tana saurarona, ƙwarya a hannu, sai ta tambaye ni da yarenmu:

"Waƙar nan taki, ina wurin amshi?"

Na ce, "Ba ta da amshi, Mama. Mutum ɗaya ke yi."

"Sauran mutanen fa?"

"Zama suke yi su saurara."

Ta ce, "Ko mai kukan mutuwa ana taya ta. Wace irin ƙasa ce za a bar mace ta tsaya ita kaɗai tana kira ba mai amsa mata? Ba ta da dangi ne?" Na yi bayani har bakina ya bushe, ta ce to, ta wuce madafa. Irin wannan "to" ɗin na san shi, ta nan ya shiga ta can ya fita.

Wajen ƙarshen damina Malam ya zo da labari. Akwai wata malama da ke koyar da kiɗa da waƙa a wata kwaleji a Kudu, tana da gurbin ɗaliba ɗaya da za a koya wa kyauta, har da ci da kwana. Za ta taso daga Jos, ta sauka a Kafanchan ta canja jirgi, ta kuma yarda ta saurare ni kafin ta wuce ranar Lahadi. In ta yaba, na tafi. In ba ta yaba ba, sai in bi sahun sauran 'yan ajinmu zuwa horon malaman firamare, don a lokacin ana neman malamai ruwa a jallo. Ni kuwa ba na son alli ko kaɗan. Waƙa nake so, ina son ta har cikin ƙashina.

Malam ya so a yi abin a natse bayan an tashi sujada, daga shi sai ni sai baƙuwar, tunda ogan, abin kiɗan da Malam ke bugawa, yana cikin coci. Dattawan ikilisiya suka ce ba su san zancen ba. Wani tsoho daga cikinsu, da irin Hausarsa, ya ce, "Yarinya ba akuya ba ne da za a ja shi gefe a taya. In waƙan Allah ne, ya yi shi a gaban jama'a." Shi ke nan magana ta ƙare. Dattijon da ko sautin ogan bai iya bambantawa da kukan jaki ba, shi ya yanke mini hukunci.

Waƙar Turanci ko Italiyanci ba za ta shiga sujada ba, don haka Malam ya ɗauki karin waƙar nan ta faifai ya ɗora mata kalmomin Zabura da Hausa. Ya bar wurin shirun nan yadda yake. Ya ce nan ne baƙuwar za ta gane ko ni mawaƙiya ce ko mai ihu: in tsaya, in bar cocin ya yi tsit, sannan in ɗauko muryar sama a hankali. Mun yi ta maimaita wurin har na fara yin sa ba tunani.

Na bi duk wanda ya kamata in bi. Na roƙi Fasto ya sanar cewa wannan waƙa ba a amsa ta, ba a tafi, ba a guɗa. Na je gidan mai buga tulu na durƙusa mata. Mama kuwa sai da na sa ta yi mini alkawari.

Ta ce, "Na ji. Sai ka ce yarinya ƙarama ake yi wa kashedi. Zan zauna kamar dutse."

Ranar Lahadi coci ya cika har taga, don labari ya zaga cewa za a kai ni Amurka. Wa ya ce Amurka? Oho. Baƙuwar tana zaune a gaba, 'yar siririya mai tabarau, jakarta a kan cinya. Fasto ya yi sanarwar, amma ya cusa ta tsakanin maganar gyaran rufi da ta wanda akuyarsa ta ɓata. Matan zumunta suna gefen dama cikin zanensu iri ɗaya, Mama a layin farko, ta harɗe hannuwa a ƙirji.

Malam ya taka ogan, na fara. Ba yabon kai ba, ban taɓa yin waƙa kamar ta ranar ba. Muryar tana fita ba tare da na tura ta ba. Na ga baƙuwar ta gyara zama, ta cire tabarau. Yara ma sun daina motsi. Na hau, na hau, na kai wurin, na tsaya. Malam ya ɗaga hannunsa daga ogan.

Cocin ya yi tsit yadda ban taɓa ji ba. Na ja numfashi daga ciki kamar yadda aka koya mini. Saura ƙiris in buɗe baki, sai na ji muryar da na sani tun ina goye ta ɗauki layin ƙarshe da na rera, ta juya shi irin na zumunta, ta jefa wa mata.

Suka cafe. Me suke jira? Dama a ƙage suke. Tulu ya ɗauka, caki ya biyo, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, maza suka shigo da tasu babbar murya. Kafin ka ce kwabo coci ya kaure, har da masu tashi tsaye suna rawa. Kalmomin Zabura ne, kowa ya san su, ba mai bukatar a koya masa. Malam ya dafe kai da hannu biyu.

Da ina da hankalin yau, da na yi shiru na jira su gaji. Amma ina, zuciya ta ɗebe ni. Na ce sai baƙuwar nan ta ji muryar saman nan ko ana ha-maza-ha-mata. Na watsar da duk abin da aka koya mini, na ɗauko ta da maƙogwaro, na ƙwala iya ƙarfina don in haye kan tulu da guɗa da mutum ɗari. Na ji wani abu ya kama ni a wuya kamar na haɗiyi ƙaya. Muryar ta tsage. Ba wanda ya ji ma, suna can suna ta murna.

Baƙuwar mutuniyar kirki ce, ba zan ɗauki alhakinta ba. Bayan an tashi ta ce a ba mu wuri, dattawa kuma da yake ransu ya yi fari, suka ba mu. Ta ce in sake yi mata daga wurin shirun kawai. Na buɗe baki, abin da ya fito ko ni ban gane shi ba. Matar Malam ta kawo ruwan ɗumi da zuma, na sha, na sake gwadawa, a banza. Baƙuwar ta ce farkon ya yi mata daɗi ƙwarai, amma ba za ta iya ba da gurbin a kan rabin waƙa ba, ga wasu 'yan mata suna jiran ta a gaba. Ta ce watakila baɗi. Jirgin Kudu kuma, wanda tun da nake ban taɓa ganin ya zo a kan lokaci ba, ranar ya ga dama ya zo.

Baɗin bai zo ba. Muryata ta dawo bayan 'yan makonni, amma gurbin ya riga ya tafi, Malam ma aka yi masa canji zuwa Kachia. Na shiga horon malamai, na riƙe allin da ba na so har na yi ritaya. Ban ce lallai da na zama kamar matar faifan ba. Watakila da na je na dawo ba komai. Abin da ke ci mini rai shi ne ban sani ba, ba kuma zan taɓa sani ba. Ita maƙiya ne suka tare mata hanya, ta san da wa take faɗa. Ni da wa zan yi? Duk wanda ya buɗe baki a cocin nan ƙaunata yake yi.

A ranar, da na fito daga wurin baƙuwar, ban wuce gida ba. Na je bakin tasha na zauna har rana ta yi sanyi, ina shirya maganganun da zan gaya wa Mama, masu zafi, waɗanda ban taɓa gaya mata irinsu ba. Na shiga gida a cike fam.

Na tarar ta yanka kaza. Mu da ba ma ganin kaza sai Kirsimeti. Ta yi tuwon acca, ta zuba mini a kwanon Baba, ta ɗora cinya a sama. Fuskarta sai sheƙi take yi. Ta jawo ni ta zaunar a kan tabarma, ta matso kusa don kada ƙannena su ji.

Ta ce, "Na yi niyyar cika alkawari, Allah ya sani. Amma da na ga kin tsaya, bakinki a rufe, Malam ma ya saki ogan, ga baƙuwa tana kallon ki, sai na kasa daurewa. Na ce 'yata ba za ta ji kunya ina zaune ba."

Na buɗe baki. Ba murya. Duk maganganun da na shirya suna nan a wuyana, ko ɗaya ta ƙi fita.

Ta shafa bayana ta tura mini kwanon. Ta ce, "Ci abinki, kada ki damu. Na shiga da wuri. Ba wanda ya gane kin manta."