Layin da ya ƙi saki

Mu biyu muka rubuta manhajar, ni da wani abokina ɗan Maiyama, tun muna karatu a Aliero. Manomi zai ɗauki hoton ganyen albasarsa da waya, ita kuma ta gaya masa irin ciwon da ya kama ta. Ɓangaren ɗaukar hoto nawa ne, na dubawa nasa.

Mun sha musu a kan zaman hoton a ƙwaƙwalwar waya. Ni na ce kowane ɓangare ya yi kwafinsa, in ya gama ya yar. Shi kuwa, sarkin taurin kai, ya ce wayoyin mutanenmu ba su da wurin kwafi biyu, a ajiye ɗaya mu yi tarayya. Na tuna masa cewa mai shara, wato tsarin da ke kwashe abin da aka gama amfani da shi, ba ya taɓa abin da wani ke riƙe da shi.

Ya yi dariya ya ce, "To sai mi? Kwano guda munka ci, na taɓa hana ka wanke shi?"

Na bar masa. Gaskiya manhajar ta yi sauri.

Da damina zazzaɓi ya kwantar da shi, Allah ya karɓi abinsa. Na koma Jega na kama shagon gyaran waya. Duk kasuwar nan babu wanda zan yi wa zancen aikinmu ya gane.

Da noman rani ya kankama, kawuna na Kimba ya zo fuska a murtuke. Wai da ya ɗauki hotuna da yawa da manhajarmu sai wayar ta sume, ga ganye na ƙonewa a gona. Na bi diddigi, ashe layi ɗaya ne na rubutun manhajar a ɓangaren marigayi ke riƙe kowane hoto, ba ya saki. Mai shara ya zo ya ga da mai riƙo, sai ya wuce, har wayar ta shaƙe.

Wallahi har na juya zan yi wa abokina tsiya. Kujera kawai na gani.

Gyaran bai wuce goge layin ba, amma na kasa. Hannunsa ne. Na yi ta kewaye-kewaye, sai kawu ya aiko cewa albasa ba ta san zaman makoki ba.

Na goge. Manhajar ta tafi sumul, ba ta sake sumewa ba. Ranar na ji kewarsa fiye da ranar jana'iza. Na ci musun, babu wanda zan gaya wa.