Kawuna da Manyan Bokitai

Kawuna injiniyan kwamfuta ne. Shekara ashirin da shida ya yi a wani ɗaki mai sanyi kamar firji, yana koya wa injuna ajiya. A cewarsa, kwamfuta tana yanka ƙwaƙwalwarta ƙananan shafuka, sai ta ɓata lokaci wajen neman inda ta sa abu. Shi ya mayar da shafukan manya, nema ya yi sauƙi, har aka ba shi lambar yabo.

Da ya yi ritaya ya rasa abin gyarawa, sai ya faɗa kicin ɗin matarsa. Ya kwashe gwangwanayenta arba'in, ya jera manyan bokitai shida.

"Yanzu ko ido a rufe za ki sami gishiri," in ji shi.

Da gaskiyarsa. Gishiri cokali uku ya mallake bokiti guda, ashana ma haka, shinkafa kuwa ta rasa masauki, kaji suna ta shagali a kanta.

Washegari matar ta kwaso kayansa daga ɗakinsu ta zube a falo.

"Ga babban shafi, Injiniya, kai kaɗai. Ko ido a rufe zan same ka."