Kujerar Baba a Layi na Uku

A shekarar da Ingila ta mayar wa ƙasar Sin da Hong Kong, wato 1997, ina da shekara goma, muna zaune a hawa na shida na wani tsohon bene a Guangzhou. Ranar an ba da hutu, kowace taga a layinmu an rataya mata jar tuta, tsofaffi sun fito da rediyoyinsu gindin bishiyoyi suna fifita saboda gumi. Da hantsi Alhaji Isuhu, wani ɗan kasuwar Maraɗi da yake sauka a falonmu duk zuwansa, ya hauro bene yana haki yana tsine wa wanda ya gina gidan, ya miƙa wa Umma wani ƙunshi da aka kai shagon Baba daga gidan waya. Kaset ɗin bidiyo ne daga Ingila. Ni aka ba alƙalami na rubuta a bayansa da ajami, kamar yadda Baba ya koya mini: wasan Yaya Tijjani, na farko.

Yaya Tijjani shi ne babba a gidanmu. Yana da shekara goma sha biyu Baffanmu, ƙanen Baba, ya tafi da shi wani gari a arewacin Ingila domin karatu. A makaranta ya haɗu da zari-ruga, irin wadda ake yi mutum goma sha uku kowane ɓangare, da wata ƙwallo mai kama da ƙwan jimina da aka matse. Ya yi ƙarfi, ya yi gudu, har ƙungiyar garin ta ɗauke shi tana biyansa albashi. Ranar da ya bugo waya ya faɗi wannan labari muna Kano, ba mu taso ba tukuna. Baba bai san wasan ba, bai kuma so shi ba, amma ya ji murnar da ke cikin muryar ɗansa. Na ji shi da kunnena yana cewa, "Zan zo in zauna cikin jama'a in gan ka da idona, in Allah ya yarda."

Baba ya riga ya yi lissafinsa. An gaya masa wasan hunturu ne, shi kuwa a Sin hunturu ne kaɗai lokacin da yake da kansa, domin idan sabuwar shekararsu ta zo masana'antu sukan rufe, ma'aikata su tafi ƙauyukansu, duk ƙofar da ka ƙwanƙwasa a ce maka "meyo", wato babu. Sai ga shi a daidai shekarar da muka koma Guangzhou, masu tsara gasar suka ɗauke ta daga hunturu suka mayar da ita lokacin zafi. Wai mutane sun gaji da tsayuwa cikin sanyi da taɓo, filaye suna zama wayam, masu talabijin kuma sun fi son rana da ciyawa kore. Daga nan lokutan biyu suka saɓa. Idan Baba ya sami hutu, filin su Yaya a kulle yake. Idan an buɗe fili, ga babban baje koli na watan Afrilu, ga odar jakunkuna a garin Shiling, ga 'yan Kano da 'yan Yamai suna sauka suna tashi, kafin ka ankara baje kolin Oktoba ya iso, gasa ta ƙare.

Rayuwarmu a wancan lokaci ƙanƙanuwa ce. Baƙar fata ba su da yawa a garin, Hausawa kuwa kowa ya san kowa. Da asuba Baba yake ɗora mini karatu a allon da Umma ta taho da shi cikin zannuwanta, in wanke shi a bahon wanka, a zuba ruwan a tukunyar fure domin kada a taka. Sannan in saɓa jaka in tafi makarantar unguwa, inda muke jeruwa a fili muna motsa jiki da kiɗan lasifika. Ƙawata Lin, 'yar mai gyaran keke a ƙasan benenmu, ita ta koya mini buga wani ɗan abu mai gashin kaza da gefen ƙafa, ni kuma na koya mata carafke da tsakuwoyin bakin hanya. Da yamma aikina ne in shanya wanki a sandunan gora da ke leƙe ta taga, in cusa takarda cikin jakunkunan samfur domin su tsaya kyam, in sauka kasuwa in sayo kifi yana motsi. Umma takan tuƙa tuwon shinkafa, ta kaɗa kukar da baƙi suke kawo mata tsaraba, ƙamshin daddawa ya cika matakala har maƙwabta su leƙo suna toshe hanci suna dariya.

Idan kaset ya zo, falo yakan cika. Alhaji Isuhu shi ne mai sharhi. Yakan ce wanga ba wasa ba ne, kokawa ce aka ba ta ƙwai ta riƙe, kuma bai taɓa ganin mutanen da suke son zuwa gaba suna jefa abinsu baya ba sai Turawa. Duk sanda aka kayar da Yaya sai Umma ta rufe fuska da mayafi tana salati. Baba kuwa tashi yake ya shige ɗaki da carbinsa. Na taɓa jan hannun rigarsa na ce ya tsaya ya gani, ya ce da ni, "Rakiya, ban yi masa alkawarin kallo ta gilashi ba." Amma ƙofar ɗakin ba ta taɓa rufuwa ruf ba, kuma idan baƙi sun watse nakan ji yana tambayar Umma a hankali ko yaron ya tashi lafiya.

Yaya ne ya gaya mini sirrin kujerar a waya. Kowane ɗan wasa ana ba shi wurin zama na iyalinsa. Nasa yana layi na uku, dab da ƙofar da suke fitowa, kuma ya hana a ba kowa, ko Baffa, domin na Baba ne. Tun daga ranar na rage kallon ƙwallo. Jira nake kyamara ta bi ta wajen ƙofar in ƙirga layi da yatsa a jikin talabijin. Ba ta da wuyar ganewa, shuɗiya ce, tana nan a naɗe. Wani lokaci mutane sun kewaye ta, wani lokaci duk layin babu kowa, domin ƙungiyarsu ba ta cika tara jama'a ba.

Akwai wata ɗabi'a ta Baba da duk wanda ya yi hulɗa da shi ya sani. Ba a rufe kwantena sai yana tsaye a bakinta. Kayan da ke ciki yawanci ba nasa ba ne, na mutanen Kantin Kwari ne da na Maraɗi da suka bar masa saƙo suka koma gida, wata dilar ta gwauruwa ce, wani kwalin jarin saurayi ne gaba ɗaya. Yakan duba kowane ƙunshi, ya rubuta sunan mai shi da ajami a kusurwa, ya yi bisimilla, sannan a ja ƙofa. 'Yan dakon Sinawa suna kiransa "lauban", wato maigida, suna yi masa tsiya wai ya fi jami'in kwastan naci. Bai taɓa wakilta kowa ba, ko da zazzaɓi yake yi.

A watan Agustan 1998 Allah ya kawo sarari. Akwai wasa a gida ranar Lahadi, an kuma tabbatar wa Yaya da shi za a fara. Baba ya sayi tikiti: ranar Alhamis a loda kwantena, ranar Juma'a bayan masallaci ya hau jirgin ƙasa zuwa Hong Kong, ya sauka Ingila ranar Asabar. Umma ta wanke masa farar babbar riga, ta soya dambun nama, ni kuma na yi ta tsalle a matakala. Ana saura 'yan kwanaki waya ta yi ƙara, ni na ɗauka. Yaya ne. Masu talabijin sun zaɓi wasansu, an dawo da shi daga Lahadi zuwa yammacin Juma'a. In Baba zai riske shi, sai ya tashi ranar Alhamis.

Na isar wa Baba da saƙon. Alhaji Isuhu yana gari, nan take ya ce shi zai tsaya a bakin kwantenar, ai ya iya karanta ajami, kuma rabin kayan ma na 'yan garinsu ne. Umma, wadda ba ta saba sa baki a harkar kasuwa ba, ta ce wa Baba ya duba. Ni kuwa kuka na sa, na riƙe ƙafarsa. Ya ɗora hannu a kaina ya ce mutane shi suka ba amana, ba Isuhu ba, kuma wasa ba ya ƙarewa, akwai na mako mai zuwa, zai ƙara kwana ya gan shi. Ranar Alhamis ya tsaya a bakin kwantena har aka ja ƙofa.

Yana cikin jirgi a sararin sama aka buga wasan. Da ya sauka, Baffa bai kai shi gida ba, asibiti ya wuce da shi. Mutum biyu ne suka faɗa wa Yaya a gwiwa bayan hutun rabin lokaci, likitoci suka ce zai yi tafiya, amma shi da wasa har abada. Daga baya kaset ɗin ya iso, na kalle shi sau ɗaya ni kaɗai. Fili duk gurabe, domin yammacin Juma'a mutanen garin da yawa ba su taso daga aiki ba. Da 'yan wasa suka fito na ga Yaya ya waiwaya hagu wajen kujerar Baba, ya ɗan tsaya, na bayansa ya ture shi ya wuce. Ban rubuta komai a bayan wannan kaset ba.

Baba ya dawo da dambun naman ba a taɓa ba. Ya ci gaba da kasuwa, ya ci gaba da ɗora mini karatu, sai dai sujadarsa ta ƙara tsawo, kuma ba a sake kunna bidiyo a gidanmu ba. Bayan shekara guda Yaya ya zo Guangzhou da sanda, domin ya koyi ciniki. Yakan durƙusa da gwiwa ɗaya ya gaishe da Baba, ya bi shi Shiling, ya riƙe masa jaka a kasuwar tufafi ta Shisanhang, bai taɓa ɗaga murya ba. Amma maganarsu ba ta wuce farashi da launi. Umma takan ce gara su yi faɗa ta san inda za ta sa hannu.

Ni na tono ƙwallon zari-ruga daga ƙasan akwatin Yaya. Na dame shi har ya yarda ya koya mana, ni da Lin da yaran layi, a filin makarantarmu ranakun Asabar. Babu kayarwa, taɓa mutum kawai ake yi. Yana tsaye da sandarsa yana yi mana tsawa da Hausa, Lin tana fassarawa yadda ta ga dama. Da muka ɗan iya, muka sa ranar wasa na gaske. Lin ta rubuta sanarwa da rubutunsu, na rubuta tawa da ajami, muka manna a matakala. Sai ranar ta zo da yayyafi, ta kuma faɗo a kan ranar lodi, ana tsakiyar baje kolin Oktoba. Ko mahaifin Lin bai zo ba.

Mun jeru za mu fara sai na hango farar babbar riga a bakin ƙofar makaranta. Baba ne, riƙe da 'yar kujerar roba ta shagonsa. Ya ajiye ta a gefen fili, ya tattare riga ya zauna, babu lema. Daga baya muka ji Alhaji Isuhu ya bari a bakin kwantena, karo na farko a rayuwarsa. Yaya ya ga Baba, ya juya baya, ya hura usur. Muka yi ta gudu muna zamewa, Baba yana bin ƙwallon da ido, bai fahimci komai ba, bai kuma motsa ba, ruwa yana ɗiga daga hularsa. Can kusa da ƙarshe ƙwallon ta zo hannuna. Yaya yana bayana kaɗan, na jefa masa. Ya saki sandar ya cafe. Ya tafi yana ɗingishi, yara suka buɗe masa hanya ba wanda ya ce su buɗe, har ya kai layi ya dangwala ta a ƙasa, ya zauna a wurin domin ƙafar ta ƙi ɗaukarsa.

Baba ya taso ya tako cikin taɓo har inda yake, ya tsuguna.

"Tijjani, na zo. Na makara, amma na zo."

Yaya ya ce, "Na gan ka, Baba. Ka cika alkawarinka."

Baba ne ya ɗauko masa sandar, ya kuma riƙe shi har gida, hawa shida, suna hutawa a kowane hawa.

Yau Baba ya yi shekaru a ƙasa, Allah ya jiƙansa. An rushe benenmu, baje kolin ya koma unguwar Pazhou, Hausawa sun yi yawa a garin har ba ka sanin wanda ka gifta. Yaya ne yake tsayawa a bakin kwantena yanzu, da ƙafarsa mai ciwo, amma ranar da 'yarsa take da wani abu a makaranta yakan wakilta mutum ya tafi. Wasan kuwa ya shigo wayar hannu, kowa yana iya kallonsa a duk inda yake, a kowace rana aka mayar da shi. Nakan buɗe wani lokaci idan na idar da sallar la'asar. Har yanzu ban cika bin ƙwallon ba, idona yana wajen kujerun da babu kowa, ina tunanin wa aka ajiye wa, da abin da ya riƙe shi.