Ranar da Yatsanta Ya Taɓa Kunne

Cikina yana wata bakwai da 'yan kwanaki naƙuda ta fara taso mini. Daga Zagga aka kai ni asibiti a Bagudo. Ma'aikaciyar jinya ta yi mini allura, daga baya ta ƙara wata, ta ce don huhun jaririn ya yi ƙwari ne kafin ya fito. Bayan kwana biyu na haifi ɗiyata, bakwaini, 'yar mitsitsiya. Da kanta ta yi kuka.

Ranar suna wata maƙwabciya ta leƙa cikin zani ta ce, "Wagga ai da allura aka nunar da ita, kamar ayabar kasuwa. Waje nunanne, ciki ɗanye." Ta yi dariyarta ta wuce. Ni kuwa shekara shida ina ɗauke da maganar nan.

Zamanta, rarrafenta, haƙorinta, duk sai na gwada da na 'ya'yan mutane. Na dami ma'aikaciyar da tambaya har ta ce, "Baiwar Allah, ki riƙa cire mata wata biyun da ba ta cika ba. Lafiyarta lau." Na ji, amma raina bai kwanta ba.

A firamarenmu ba a cika neman takardar haihuwa ba. Yaro zai ɗora hannu bisa kai, in yatsa ya taɓa kunnen ɗaya gefen, ya shiga aji ɗaya. In bai taɓa ba, sai baɗi. Ni ma haka aka gwada ni. Na ƙudura a raina cewa in aka maido ta, maganar maƙwabciya ta tabbata. Kowace safiya bayan koko ina gwada ta. Saura faɗin yatsa biyu, can saura ɗaya.

Uwar mijina ta ce, "Ki koya mata ta ɗan karkata kai mana. Kowa haka yake yi."

Na ce, "Inna, ai ƙarya ce wannan, ko da ba a yi ta da baki ba."

"To, malama, sai ki ja mata kunnen ya ƙara tsawo."

Ranar ɗaukar yara muka bi layi a gindin dogonyaro. Da aka zo kanta ta miƙe kamar taɓarya, yadda na gargaɗe ta. Hannu ya hau kai, ya gangara, sai ga yatsa a saman kunne!

Na ce wa hedimasta, "Malam, a sake dubawa, kada ya zama ta karkata."

Hedimasta ya ce, "Yau na ga uwa mai kai ƙarar ɗiyarta." Ya dafa kanta da kansa, ta sake ɗora hannu, yatsa ya taɓa. Ya ce ta yi ƙirga. Ta kai ashirin da Hausa, ta koma ta faro da Dandanci, wanda ta tsinta wurin ƙanwata mai aure a ƙetaren iyaka, cikin Benin.

"Ya isa haka, 'yata, kada ki ƙwace mini aiki," in ji shi, yana rubuta sunanta.

Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa a filin makaranta ba, ni da ko a biki ba na yi. Da gudu-gudu muka dawo. A ƙofar maƙwabciyar nan na tsaya na ƙwala mata kira: "Fito ki ga ayaba, ta nuna har ciki!"

Washegari na koma na ba ta haƙuri. Amma ranar kam na faɗa.